Keke, tsakuwa da kurmin bakin gulbi: darasi daga birnin Viyana

A nan ƙasarmu keke abin neman abinci ne. Da shi muke kai albasa kasuwa, da shi muke zuwa gona, da shi yara ke zuwa lakwal. Amma akwai ƙasashen da mutane ke hawan keke don lafiyar jikinsu kawai. Wasu ma sun fi son su bar kwalta, su bi hanyar tsakuwa cikin kurmin bakin gulbi, inda mota ba ta shiga. Yau za mu duba wani wuri irin wannan a ƙasar Turai, mu ga yadda aka yi ya samu, da amfanin da yake yi wa mutanen gari.

Ina wurin yake?

Viyana ita ce babban birnin ƙasar Ostiriya. Mutanenta sun kai miliyan 2. Wani babban gulbi da ake kira Danub ya ratsa ta. Tsawonsa ya kai kilomita 2,850, kuma yana taɓa ƙasashe 10 kafin ya faɗa teku. A gabashin birnin akwai wani kurmi mai suna Lobau. Faɗinsa wajen hekta 2,300 ne. Daga nan kurmi ya miƙe yana bin gulbi har kusa da iyakar ƙasar Sulobakiya. A shekarar 1996 gwamnati ta mai da wannan yanki gandun daji na ƙasa. Yau faɗin gandun ya wuce hekta 9,000.

Mutumin Viyana yana iya fitowa daga gidansa bisa keke, ya bi bakin gulbi, ya shiga kurmin ba tare da ya yi wata doguwar tafiya ba. Cikin kurmin akwai hanyoyin tsakuwa da na ƙasa. Motar kowa ba ta shiga, sai ta ma'aikatan daji da masu aikin wurin. Akwai inuwa, akwai tafkuna da tsofaffin rassan gulbi. Akwai aladen daji, da kunkurun ruwa, da tsuntsaye iri-iri. Akwai ma wata dabbar ruwa mai kama da ƙatuwar gafiya, wadda ke sare itace da haƙoranta.

Wane irin keke ne?

Keken tsakuwa ya ɗan yi kama da keken tsere, amma tayarsa ta fi faɗi. Faɗinta yakan kai santimita 4, wani lokaci har 5, kuma tana da ƴan ƙuraje masu kama ƙasa. Ba a cika ta da iska ƙwarai. Dalili shi ne, taya mai tauri tana tsalle bisa duwatsu, tana gajiyar da hannu da baya. Wadda aka ɗan rage wa iska kuwa tana lanƙwasa, ta haɗiye girgizar hanya. Amma kada mu ɗauka sai mai tsada ke iya wannan aiki. Duk keke mai ƙwari, mai birki na kirki da taya mai faɗi, ya isa. Irin wanda muke ɗora wa buhu ma zai yi.

Mine ne amfaninsa ga jiki?

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2020 cewa babban mutum ya motsa jikinsa minti 150 zuwa 300 kowane mako. Wato minti 30 a rana, kwana biyar, shi ne mafi ƙaranci. Manomi da mai ɗibar ruwa sun wuce haka nesa. Amma mai zaman shago, da tela, da direba, da ma'aikacin ofis, da yawansu ba sa kaiwa. Zama wuri ɗaya yana buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya. Waɗannan cututtuka yanzu sun shigo garuruwanmu, kuma maganinsu na kullum ne, yana cin kuɗi.

Tuƙa keke yana sa zuciya ta yi aiki, jini ya zagaya, tsoka ta ƙone sukarin da ke cikin jini. Kuma sirdi ne ke ɗauke da nauyin mutum, saboda haka gwiwa ba ta wahala kamar a wurin gudu. Mai ƙiba da dattijo suna iya yi a hankali.

To, don mi ake gudun hanyar mota? Dalili biyu ne. Na farko hatsari: in mota ta haɗu da keke, mai keke ne ke kwana gidan likita. Tsoron haka ne ke hana mata da tsofaffi da yara hawa. Na biyu hayaƙi: mai tuƙa keke yana jan numfashi da ƙarfi, don haka in yana bayan mota, hayaƙin da yake shaƙa ya fi na mai zaune. Cikin kurmi babu ɗaya daga cikin biyun. Ita kuma tsakuwa tana rage gudu, ba ta ɗaukar zafi kamar kwalta, kuma in ruwa ya ɓata ta, gyaranta ba shi da tsada.

Kurmin ba don keke aka bar shi ba

Babban aikin kurmin bakin gulbi shi ne karɓar ruwa. In gulbi ya cika, ruwa yana bazuwa cikin itatuwa, gudunsa ya ragu, wani ya nutse ƙasa. Saiwoyi kuma suna riƙe gaɓa kada ta zube. Ruwan da ya nutse yana tacewa cikin yashi da tsakuwa. Shi ya sa birnin Viyana ya haƙa rijiyoyi a Lobau, yana ƙarawa da su bisa ruwan sha da yake jawowa daga duwatsu. Birnin yana kuma da gonaki a wurin, inda ake noma ba tare da takin zamani ko maganin feshi na kanti ba.

Mutanen Viyana sun sha wuyar ambaliya. Tsakanin 1870 da 1875 suka miƙar da gulbin, suka yi masa jinga. Daga 1972 zuwa 1988 kuma suka haƙa masa hanya ta biyu, don ta ɗauki rarar ruwa. Ƙasar da aka haƙo aka tara ta tsakiya, ta zama tsibiri mai tsawon kilomita 21. Shi ma an hana motoci yawo a kansa, ya zama wurin masu keke da masu tafiya ƙasa. A watan Yuni na 2013 gulbin ya kawo ruwa mai yawan gaske, amma birnin ya tsira ba tare da babbar ɓarna ba.

Sai dai aikin ɗan Adam ba ya rasa aibi. Jingar da ta kare gari ta raba Lobau da gulbi. Ruwa ba ya shiga kamar da, tafkuna suna cikewa da laka, wasu suna ƙafewa. Kurmin da aka hana wa ruwa, sannu a hankali yana zama daji na tudu.

Yadda mutane suka tsare shi

A shekarar 1984 an shirya gina madatsar ruwa don wutar lantarki kusa da garin Hainburg, gabas da Viyana. Da an gina ta, da babban yanki na kurmin ya tafi. A watan Disamba, cikin tsananin sanyi, dubban mutane suka shiga kurmin suka kafa tantuna, suka hana a sare itatuwa. An yi arangama da ƴan sanda, har gwamnati ta dakatar da aikin. A 1985 mutum fiye da 350,000 suka sa hannu bisa takardar koke. Wani masanin halin dabbobi, Konrad Lorenz, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, ya ba da sunansa ga wannan koke. Bayan shekara 12 da zaman Hainburg aka kafa gandun.

Abin lura a nan shi ne, mutum yakan tsaya wa abin da ya sani. Wanda ya saba shan inuwar kurmi ranar hutu, ba zai yi shiru ba in an zo da gatari.

Amma shiga da ƙa'ida ne. Mai keke ba ya bin ko'ina, sai hanyoyin da aka sa wa alama. Ba a hura wuta inda aka ga dama, ba a zubar da shara, kare kuma sai da igiya.

Mu kuma fa?

Ba ma cewa Yamai ta zama Viyana. Ruwansu daban, aljihunsu daban. Amma mu ma muna da garuruwa a bakin ruwa. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya kai wajen mita 7 a Yamai, ya fasa jinga, ya shiga unguwanni irin su Lamorde. Mutanen Maraɗi kuma sun san yadda gulbi ke cin gaɓa inda aka sare itatuwa. A Yamai an fara dasa zoben itatuwa kewaye da gari tun 1965, mafi yawa dogon yaro. Ba a bakin kogi yake ba, amma shi ma gine-gine sun ci wani yanki nasa. Ramin da ake haƙa don bulo a bakin ruwa, da gidan da ake ginawa cikin fadama, duk bashi ne da damina za ta zo karɓa.

Abin da za mu iya yi ba shi da tsada. Mai gona a bakin gulbi ya bar layin itatuwa tsakaninsa da ruwa. Ya yi sassaben zamani, ya bar tohon gawo da goriba su tashi. Hakimai da magadan gari su keɓe hanya guda ta jar ƙasa cikin inuwa, wadda mota da babur ba sa bi.

Ga mai son farawa, ga shawarwari:

1. Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ya fara ganin ma'aikacin lafiya.
2. A fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, ba da tsakar rana ba.
3. A fara da minti 15, a riƙa ƙarawa kowane mako. Gudun da ya dace shi ne wanda mutum ke iya magana yana tuƙi.
4. A duba birki da iska kafin a tashi. A riƙe ruwan sha da kayan faci, don ƙaya ba ta sallama.
5. Bisa tsakuwa kada a danne birkin gaba da ƙarfi, musamman a kwana.
6. A bar bakin ruwa kafin magariba saboda sauro. Kada a shiga ruwan kwance, domin a nan ake ɗaukar tsargiya.
7. In an ji ciwon ƙirji ko jiri, a sauka nan take, a nemi gidan likita.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Itacen bakin gulbi rigakafi ne ga gari, keke kuma rigakafi ne ga jiki. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa ƴan uwansa a cibiyar yaƙi da jahilci, a tattauna wace gaɓa ce a garinku ta fi bukatar dashe bana. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.