Zubin dalmar kamun kifi: Yadda ake gane musabbabin aibi da gyaransa

Birgi ba ya nitsewa sai da dalma a bakinsa, haka ita ma fatsa ba ta kai ƙugiya ƙasan ruwa sai an ɗaura mata nauyi. Shi ya sa masunta, daga madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan kogin Rima har zuwa Argungu, ba sa rabuwa da ita. Wasu kan saya a kasuwanni irin ta Illela, wasu kuma kan narka da kansu a gida. Sai dai zubin gida kan fito da aibi, a yi asarar gawayi da lokaci, alhali kowane aibi yana nuna inda aka kuskure.

Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, zafin da wutar gawayi ke kaiwa ba da wahala ba. Amma tana saurin daskarewa. Idan zubin ya fito da tamoji kamar fatar tsoho, ko bai cika mazubin ba, to mazubin ne ya yi sanyi, dalmar ta daskare kafin ta kai lungunansa. Maganin shi ne a ɗumama mazubin da ludayin, a zuba gaba ɗaya ba tare da tsayawa ba, a kuma mayar da zubin farko cikin kasko. Baƙin hayaƙin kyandir da ake shafa wa cikin mazubin yana taimaka wa dalmar gudu. In duk da haka bai cika ba, wataƙila iska ce ta rasa mafita, sai a kankare mata 'yar siririyar hanya, ko a ƙara faɗin bakin.

Idan kuwa fuskar zubin ta dushe ta yi kaushi, zafi ne ya yi yawa, sai a sassauta wuta. Rami a saman zubin alama ce ta tsukewar dalma yayin hucewa, don haka a bar ɗan ƙari a bakin mazubin. Fiffiken da ke fitowa a gefe kuma yana nufin ɓangarorin mazubin biyu ba su haɗu sosai ba.

Gauraye ma yana kawo cikas. Tutiya, wadda sai ta kai digiri 420 take narkewa, idan ta shiga dalma takan mayar da ita kamar kunu mai gudaji. Nan ne ya kamata mai saye, ko daga Garu ya fito ko daga Konni, ya lura: dalma ta gaskiya tana da laushi, wuƙa na shiga cikinta, kuma ba ta ƙara idan ta faɗi ƙasa. Nauyinta ya ninka na ruwa sau 11, na tutiya kuwa sau 7 ne kawai. Birgin da ba shi da isasshen nauyi yana jinkirin nitsewa, kifi ya sulale ta ƙarƙashinsa.

Mafi haɗari shi ne laima. Ɗigon ruwa guda da ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma yakan zama tururi nan take, ya watsa ta a fuska da idanu. Dole ne mazubi da ludayi da guntayen da za a narka su bushe ƙayau.

Akwai kuma aibin da ido ba ya gani. A shekarar 2010 gubar dalma daga duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Jihar Zamfara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jikin mutum da ba ya cutarwa. Saboda haka a guji fasa tsohon batirin mota a gida. A yi zubi a fili, nesa da yara da masu juna biyu, kada kaskon dalma ya koma madafi, kuma a wanke hannu da sabulu a sauya tufafi kafin a ci abinci.