Yadda masu zane da kwamfuta ke ƙirƙiro ƙarƙashin teku

Zanen ƙarƙashin ruwa na daga cikin ayyukan da suka fi bai wa masu zane da kwamfuta wahala, domin shi ruwa mai tsabta ba shi da wata siffa da za a zana.

Mai zane kan shafe kwanaki yana ƙawata kifi, amma daga ƙarshe mai kallo ya ga tamkar kifin na shawagi ne a sararin samaniya.

Wannan ita ce matsalar da kamfanin Pixar na Amurka ya fuskanta yayin shirya fim ɗin Finding Nemo, wanda Andrew Stanton ya ba da umarninsa, aka kuma fitar a shekarar 2003.

Launi da nisa

Abu na farko da ya kamata mai zane ya sani shi ne, ruwa na shanye hasken rana ne launi bayan launi.

Ja ne ke fara ɓacewa tun a 'yan mitocin farko, sai ruwan lemo, sai rawaya, yayin da shuɗi ke kutsawa can ƙasa.

Daga zurfin mita 200 hasken ya yi rauni ƙwarai, idan kuwa aka wuce mita 1,000 to sai duhu.

Haka abin yake a nisan da ke tsakanin ido da abin da ake kallo. Duk wanda ya taɓa hango bishiyoyi cikin hazon hunturu ya san yadda ta kusa ke fitowa sarai, ta nesa kuma ta dusashe har ta saje da hazon.

A cikin ruwa hakan na faruwa ne a tazarar 'yan mitoci kawai.

Shi ya sa ƙwararru kan kasa zanen gida uku: duwatsu ko ciyayi masu duhu a gaba, kifin da ake son a gani a tsakiya da cikakken launinsa, sannan na baya su zama inuwa-inuwa mai shuɗi. Sabon shiga da ya fito da komai tas, ya kashe zurfin da hannunsa.

Haske daga sama

A ƙarƙashin ruwa haske daga sama yake saukowa, don haka gadon bayan kifi ne ke haskawa, cikinsa kuma ya yi duhu.

Igiyar ruwa na lanƙwasa hasken, inda take tara shi a wani wuri ta kuma warwatsa shi a wani, abin da ke haifar da zanen nan mai kama da raga da ke rawa a kan yashi. Wannan zane a ruwa mara zurfi yake bayyana, saka shi a can ƙasan teku kuskure ne da ake yawan yi.

Akwai kuma ƙananan ɓurɓushi da ke yawo a ruwa. Su ne ke sa a ga tsirkiyar haske, kuma su ne ke shaida wa ido cewa akwai wani abu tsakaninsa da kifin.

Ma'aikatan Pixar sun koyi nutso, sun kuma saurari laccocin Adam Summers, masanin halittar kifi. Gwajin da suka yi ya yi kama da teku na gaske har sai da aka rage kamannin, don ya dace da kifayen da ke magana.

Ba su kuma bi ƙa'idar kimiyya sau da ƙafa ba: sun bar wa Nemo launinsa na ruwan lemo ko a inda ya kamata ya dusashe, sun kuma mayar da ruwan tashar jiragen ruwa ta Sydney kore mai dauɗa.

A shekarar 2004 fim ɗin ya lashe kyautar Oscar a rukunin fina-finan zane.