Sauka Daga Babbar Mota Ba Karaya Ba Ce

Akwai wata magana da na gaji da ji, ita ta sa na ɗauki alƙalami. Wai duk wanda aka ga ya sauka daga babbar mota ya koma ƙarama, to ya karye. An daɗe ana yin ta a kan motocin mai. Yanzu ta biyo mu har cikin motocin lantarki, ta kuma haifi ƙanwarta: wai tunda motar ba ta shan mai, girmanta ba ya cin aljihu, saboda haka in za ka saya, sayi gangariya.

A babbar sallar da ta wuce ina zaune a wata fada a Dogo-Dogo, shayi na kan gawayi, sai ga waya tana yawo daga hannu zuwa hannu. Hoton motar ɗan kawuna ne, abokin wasana, wanda fataucin riɗi ya zaunar da shi a Kano. Baƙa ce wuluk, doguwa, ƙirar China. Wani saurayi ya buɗa hoton da yatsu biyu yana ƙare wa tayoyin kallo, ya ce, "Wannan fa ko ɗigon isansi ba ta sha. Alhaji ya gama da duniya." Na yi shiru na kurɓi shayina, don na san abin da ba su sani ba. Motar nan ba ta taɓa taka ƙasar Dogo-Dogo ba. Ranar da Alhaji ya zo, a Kano ya baro ta, ya biyo ta Gumel da Maigatari a motar haya, saboda bai san inda zai yi mata caji a hanya ba, kuma yana tsoron rairayinmu.

Da dare na tsare shi a zaure. Ya ce mini, "Malam, kai ba baƙo ba ne. Daga gida zuwa kasuwar Dawanau zuwa makarantar yara, iyakar yawona ke nan. Wani ya yi mini tayin musaya da ƙarama, har da ciko zai ba ni. Na san ita ta fi mini. Amma in labari ya zo gida an ce na koma ƴar ƙarama, me kake jin za a ce?" Na ce, "Alhaji, wato mutanen da a waya kawai suka ga motar, su ne za su yanke maka abin da za ka hau?" Ya yi dariya, amma bai ba ni amsa ba.

Motar lantarki dai mota ce da batir ke tafiyar da ita a maimakon inji mai ƙona mai. A jona ta da wuta, ta cika, a tafi. Dalilin da ya sa hankali ya karkata gare ta kuwa kowa ya san shi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a Najeriya, farashi ya ninka fiye da sau biyu cikin kwanaki, arahar ruwa-ruwa da muka saba da ita a nan bakin iyaka ta zama labari. A Maris na 2025 kuma aka sha dogayen layuka a gidajen mai na Nijar, duk da matatar SORAZ da ke jiharmu ta Damagaram tun 2011. A ɗaya ɓangaren, tun 2021 aka kafa wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, lokacin Jelani Aliyu ɗan asalin Sakkwato yana shugabantar hukumar ƙera motoci ta Najeriya, sannan a Disambar 2023 gwamnatin Borno ta zuba motocin haya masu lantarki a Maiduguri. Abin ya iso ƙasar Hausa da maƙwabtanta, ba sauran musu.

To mu koma kan ƙaryar nan ta cewa girma ba ya cin kome. Duk mai amalanke ya san sa biyu ba sa cin harawar sa ɗaya. Haka abin yake a mota. Wutar da take ci ana auna ta da yunit, irin wanda mita ke ƙirgawa a gida. Ƙaramar motar lantarki kan ci yunit 12 zuwa 15 a tafiyar kilomita 100. Babba mai tudu kan ci 20 zuwa 25, wata ma ta zarce. Kusan ninki ke nan, a kan hanya ɗaya, ɗauke da mutum ɗaya. Dalili kuwa nauyi ne da faɗin ƙirji da take ture iska da shi. Kuma kaso mai tsoka na nauyin nan na batir ne: ana ƙara girman mota sai a ƙara batir, ana ƙara batir sai nauyi ya ƙaru, sai ta ƙara cin wuta don ta ɗauki batirin kanta. A Amurka akwai wata mai suna Hummer EV da ta haura tan huɗu, batirinta kaɗai ya kai kusan kilo 1,300, nauyin wata motar sukutum. A China kuwa, inda aka fi ko'ina ƙera irin waɗannan motoci, wadda ta fi kowace kasuwa a 2021 ƴar mitsitsiya ce, Wuling Hongguang Mini, mai nauyin kusan kilo 700. Masu ƙera abin sun rungumi ƙarama, mu masu saye muna jin kunyarta.

Wani zai ce ai wuta ta fi mai araha ko da an ninka. Wace wutar? A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da kuran, a karkara kuwa abin ya fi haka muni. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, mu nan yankin Maraɗi da Damagaram ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka katse ta a farkon Agusta, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Wanda ya ga wannan da idonsa bai kamata ya ɗora rayuwarsa kan batirin da sai ya kwana ya wuni yana shan wuta ba. Sokitin gida na yau da kullum yunit biyu zuwa uku yake bayarwa a awa. Batir mai cin yunit 90, in ya ƙare ƙat, sai ya yi awa 30 ko fiye kafin ya cika. Mai cin 30 kuwa dare ɗaya da ɗan ƙari ya ishe shi. A garin da ake kawo wuta a ɗauke kafin tuwo ya nuna, wa ke da awa talatin a jere? A Kano ma, waɗanda ke layin da aka fi ba wuta an kai musu yunit naira 225 a Afrilun 2024.

Nan ne abin dariyar yake, in da abin dariya ne. Alhaji da bakinsa ya gaya mini sau da yawa janareta yake tayarwa ya yi wa motar caji. Janareta mai gazuwal, in yana da lafiya, kusan yunit uku yake fitarwa a lita. Motar da ke cin yunit 25 a kilomita 100 ta sha lita takwas ke nan. Ƙaramin janareta mai isansi kuwa ya fi haka ɓarna. Ashe motar da samarinmu ke cewa ba ta shan mai tana sha, ta bayan gida take sha, da hayaƙi da ƙara a kunnen maƙwabta.

Sai masu cewa rana kyauta ce. Rana kam kyauta ce, Allah ya hore mana ita fiye da Turawan da ke rububinta. Faranti da batirin ajiya da waya su ne ba kyauta ba. Manyan farantan sola biyu, a ranarmu, kan tara yunit huɗu zuwa biyar a wuni, in ba a bar ƙurar hunturu ta rufe su ba. Mai tafiyar kilomita 30 a rana da ƙaramar mota yunit huɗu yake bukata, kusan abin da farantan nan biyu za su bayar. Mai babba sai ya ninka. Babur mai lantarki kuwa yunit ɗaya da ɗan wani abu ya kai shi ya dawo da shi.

Ban ma zo kan taya ba. Mota mai nauyi ta fi cinye taya, kuma tayar babba ba kuɗinsu ɗaya da ta ƙarama ba. Ranar da batir ya gaji kuwa, kuɗin sabo gwargwadon girmansa ne, kuma shi ne ɓangare mafi tsada a jikin motar.

Gaskiya ɗaya zan ba masu babbar mota: ƙarama ba ta da tudu, rairayin da ke tsakanin ƙauyukanmu zai riƙe ta. Amma babbar ma ba raƙumi ba ce. Nauyin tan biyu da rabi in ya nutse a yashi, samari goma ba sa tura shi, kuma batirin a ƙarƙashin motar yake shimfiɗe, daidai inda kututture da dutse ke duka. Tafiyar da kake yi sau biyu a shekara, sallah da sallah, ba ita za ta zaɓa maka motar sauran kwanakin shekara ba. Ranar ka ɗauki shata, kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mun san duk wannan. Ba lissafi ne ya gagare mu ba, mutanen da ke auna riɗi da tiya ba sa kuskuren ko rabi. Tsoron baki ne. Mun mai da mota rawani, har mutum ya gwammace ya yi ta zubar da kuɗi a ɓoye da a ce ya rage tsawo a fili. Malamanmu kullum suna jan kunne kan almubazzaranci da riya, mu ce amin, mu fito mu auna mutuncin ɗan'uwa da faɗin motarsa. Ku kuma ƴan fada da ke yanke wa mutane hukuncin karaya, ku ji tsoron Allah. Kuɗin da Alhaji ke ƙonawa don ya tsira daga bakinku, da ya biya wa yara nawa makaranta a garin nan? Akwai laifin dillalai da ke tura babba don ribarta ta fi, da na bidiyoyin TikTok, amma waɗannan ƙanana ne.

Ga mai tunanin musaya, shawarata ita ce ka fara da littafi da biro. Wata guda cur, kullum ka rubuta kilomita nawa ka yi, mutum nawa ka ɗauka, wane kaya ka loda. In ka ga mafi yawan kwanaki ba ka wuce kilomita 50 ba, kuma kujerun baya iska suke ɗauka, amsa ta fito. In kuwa kana da iyali takwas da kullum sai an kwashe su, ko kana bin doguwar hanya duk mako, ko motar ce ke ɗaukar buhunanka, to zauna a babbarka, ba wanda ya ce ka matse kanka.

Sannan ka lissafa asarar sayarwa. Motar lantarki tana saurin faɗuwa a kasuwa, ta hannu ba ta riƙe kuɗinta. Ka ɗora abin da za ka rasa a kan abin da za ka tsira da shi na wuta da taya a shekara uku. In ciko za a ba ka, kamar Alhaji, faɗuwa ta zo daidai da zama. In kai za ka cika da yawa, kada ka yi gaggawa.

Kada ka sayi ƙaramar da ido. Fenti ba ya tafiyar da mota. Ka sa wanda ya san aikin ya jona na'ura ya karanta maka lafiyar batirin, kashi nawa ya rage cikin ɗari. Ka cika ta, ka tuƙa ta da na'urar sanyaya cikin mota a kunne, ka ga kilomita nawa za ta yi da gaske, don abin da allo ke nunawa ba shi ne abin da hanya ke bayarwa ba. Ka tambaya ko batirin yana da ruwan da ke sanyaya shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. A 2012 masu Nissan Leaf na farko a jihar Arizona ta Amurka sun koka kan yadda zafi ya rage ƙarfin batiransu, waɗanda iska kawai ke sanyayawa. Nau'in batirin da ake kira LFP ya fi jure zafi. Ka duba bakin caji, don na motocin China daban yake da na Turai. Ka tambayi dillali ko garantin batir ya biyo motar, saboda sau da yawa wadda aka shigo da ita ta hannun ɗan kasuwa ba ta zuwa da shi. Ka kuma san makanikin da zai taɓa ta kafin ka biya, da inda kayan gyaranta suke.

In ta zo gida, ka yi mata rumfa, kada ta wuni a rana. Ka kira mai aikin wuta na ƙwarai ya ja mata waya mai kauri ta kanta. Kada ka kuskura ka jona mota da ƴar wayar nan ta cajin salula, gobara ba ta sallama.

Mu kuma da ke zaune a Dogo-Dogo da Dungas da Magarya, in har lantarki za mu shiga, ƙofarmu babur ce da adaidaita sahu da ƴan farantai a kan rufi, abin da ɗan kabu-kabu zai iya biya, wanda in ya kafe a yashi mutum ɗaya zai ciro shi.

Da Alhaji zai koma, na raka shi bakin hanya, na miƙa masa ƙaramin littafi da biro, na ce wata guda kawai nake roƙo. Ya jujjuya littafin, ya sa a aljihu, ya ce, "Kai dai ba ka rabuwa da tsiya." Ya haye bayan babur, suka nufi Maigatari.