Kafin Ki Hau Tsaunin Mambilla

'Yan uwana mata, a littattafanmu na soyayya da zarar an ɗaura aure sai ango ya ɗauki amaryarsa sai Landan ko Dubai shan iska, kamar a ce duk faɗin ƙasar nan babu inda sanyi da kore suka haɗu. To ga Mambilla a jihar Taraba, cikin ƙaramar hukumar Sardauna da hedikwatarta ke Gembu, a kan iyakarmu da Kamaru. Tudu ne shimfiɗaɗɗe mai tsayin kusan mita 1,600, ciyawa shar iya ganin idonki, shanu na kiwo cikin hazo. Ni dai da na je na gani, na ce lallai sai na rubuta muku, musamman 'yan makaranta masu neman inda za su je ziyarar ƙaro ilimi. Amma fa ba wurin da ake tashi da safe a ce "mu je" ba ne.

Da farko dai tafiyar doguwa ce. Daga Kano ki bi ta Gombe da Numan ki kwana a Jalingo, yini guda kenan cur. Kashegari da sassafe a kama hanyar Bali zuwa Serti, a nan ne ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, wanda aka kafa a 1991, kuma duk Najeriya babu gandun da ya kai shi girma. A cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, ƙololuwar ƙasar nan baki ɗaya. Daga Mayo Selbe ake fara hawa, kwana bayan kwana kamar maciji, dutse a wannan gefe rami a wancan. Wallahi a nan za ki ga mai surutun mota ta yi tsit. Kada ku yarda a hau ko a sauko da daddare, kuma a duba birkin motar tun a ƙasa. Kafin ranar tashi, babba a cikinku ya tuntuɓi mutanen Serti ko Gembu a kan lafiyar hanya da zaman lafiyar yankin, domin labarin wata uku da suka wuce ba shi ne na yau ba.

Lokacin zuwa kuwa rani ne, daga Nuwamba zuwa Maris. Damina a can doguwa ce, ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanyoyin ƙauye su zama taɓo. Sai dai ranin nasu da sanyi yake zuwa, irin mai shiga ƙashi da asuba. Don haka 'yar uwa ki bar leshin nan da takalmi mai tsini a gida, ki nemi rigar sanyi mai kauri da safa da bargo, da takalmin kambas mai rufe ƙafa, ki sa wando a ƙarƙashin doguwar riga saboda ciyawa da ƙwari. Kuɗin mota da masauki a fara adashinsa tun farkon zango, a riƙe tsabar kuɗi a hannu. Zancen amincewar iyaye da rakiyar malama ko yaya namiji kuwa, kun fi ni sani, da shi ake farawa.

Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne kurmin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, tsakanin Maisamari da Nguroje. Tun 1969 aka killace shi. Faɗin wurin murabba'in kilomita 46 ne, amma ainihin kurmin, inda manyan bishiyoyi suka rufe sama, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Ɗan abin nan da ya rage shi ne gidan birai masu farin hanci, da tsuntsayen da ba a ganinsu a ƙasarmu ta Hausa, da 'yan tsirarun birin nan mai kama da mutum da ake kira cimfanzi. Akwai tashar bincike a bakin kurmin, aikin da Farfesa Hazel Chapman ta ƙasar Niyu Zilan ta assasa, inda matasan ƙauyen ke rainon irin bishiyoyi suna dasawa. A wurinsu na fahimci yadda abin yake: biri ko tsuntsu ya ci ɗan itace, ya je can nesa ya kasayar da ƙwallon, a nan sabuwar bishiya ke fitowa. In an kori biran, sannu a hankali kurmin ma ya daina haihuwa.

Babban abokin gabansa wuta ce. Da rani ciyawar tudun ta bushe ƙamas, in ta kama sai ta ci har bakin kurmi ta ƙone ƙananan bishiyoyin da aka yi shekaru ana lallaɓawa, kowace shekara kurmin ya ƙara tsukewa. To ga shi lokacin da ya fi daɗin ziyara shi ne lokacin da ashana ɗaya ta isa. Mu kuma mata ba ma tafiya ba girki, ko ba haka ba? Ku yi dambunku da soyayyen namanku a masauki ku ƙunsa. Ban yarda da hura wuta a daji don ɗumama shayi ba, komai sanyi, filas ya wadatar.

Kada ku shiga sai da izinin masu kula da wurin da ɗan jagora daga cikinsu, inda ya taka nan za ku taka. Wadda ke mura ta haƙura ta zauna a masauki, domin cimfanzi na ɗaukar murar ɗan Adam, kuma abin da ke sa ki atishawar kwana uku shi yana iya kashe shi. Ba a miƙa wa biri biskit, in ya saba sai ya koma ɓarna a gonakin mutane, su kuma su ɗana masa tarko. Ba a tsinko fure don a soka a ɗankwali a ɗauki hoto. Waƙa daga waya da shewa irin ta gidan biki su jira a dawo mota, in ba haka ba ku yini kuna tafiya ko wutsiyar biri ba ku gani ba. Ledar ruwa da takardar alewa kowa ta mayar jakarta, saniya na haɗiye leda ta kumbura mata ciki, mai ita kuma dukiyarsa kenan.

Abin da ya ɓata min rai a tafiyarmu wata ƙungiyar baƙi ce da muka tarar suna ɗaukar matan wata ruga hoto ba ko sallama, suna dariyar shigarsu. Haba! Ke za ki so a yi miki haka a ƙofar gidanku? Mutanen Mambilla da Fulani da sauran ƙabilun tudun a gidansu suke. Fulatanci ne yaren kasuwa a can, ko da yake da yawa na jin Hausa, don haka ki koyi cewa "Jam na?" ki gaisa, ki nemi izini kafin ki ɗaga waya, in an ce a'a ki mayar da ita jaka.

Tsaraba kuma ba naman daji ba, ba fatar dabba ba, ba ɗan biri a ɗaure da igiya ba, ko da an yi miki araha, domin sai an kashe uwar ake samun ɗan. Ki biya ta Kakara ki ga gonar shayi layi-layi, ki sayo wa Umma ganyen shayi, sannan ki ƙaro zuma da ayaba da fiya a hannun matan da ke tallarsu a bakin hanya.