Ba Kowane Jinkiri Ne Alheri Ba

"Wani jinkirin alheri ne." Da wuya a yi zaman majalisa a Birnin Kudu ko Gwaram ba a ji wani dattijo ya rarrashi yaro da wannan magana ba. Wanda bai samu gurbin karatu bana ba, da budurwar da aka ɗaga bikinta zuwa bayan kaka, duk da ita ake sanyaya musu zuciya. Ba na jayayya da hikimar iyayenmu a nan. Sauri kan haifi nawa, kuma abin da Allah ya jinkirta wa bawa, shi ya san dalili.

Inda na saɓa shi ne yadda muka yar da kalmar "wani", muka mayar da kowane jinkiri alheri, har da wanda muka ƙulla da hannunmu. Maganar da aka yi don rarrashi bayan abu ya wuce ta koma lasisin sakaci tun kafin a fara.

A duba ɗakin mai naƙuda. Ta fara murƙususu bayan isha'i, ungozoma ta jiƙa rubutu, uwar miji ta ce haihuwar fari ce, dama takan daɗe. Maigida ya tafi cin kasuwa, ba mai ikon cewa a fita da ita. "Bari mu ga zuwa safe." Da gari ya waye sai a shiga neman mota da kuɗin mai. Tun 1994 masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka nuna cewa jinkiri uku ne ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a cikin gidajenmu yake. Zubar jini bayan haihuwa kan iya ɗauke mace cikin awa 2. Doguwar naƙuda kuwa, idan kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara, ita ke jawo yoyon fitsari, lalurar da likitocin ƙungiyar MSF ke yi wa aiki a asibitin Jahun tun 2008. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a cikin Birnin Kudu, amma kusancin asibiti ba ya amfanar wadda aka hana fitowa sai da ta galabaita.

Haka abin yake a hukumance. A 2019 hukumar zaɓe ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna. Duk ɗan ci-ranin da ya baro Legas ko Abuja don ya kaɗa ƙuri'a a ƙauyensu, shi ya san abin da wannan mako ya ci masa. A kotuna ma, yawan ɗage zama ya sa dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ƙayyade wa kowane ɓangare ɗagewa 5 kacal, domin akasarin waɗanda ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba.

Wani zai ce ai komai da lokacinsa, ajali kuma ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne. Amma mu da kanmu ba ma aiki da wannan hujja a ko'ina. Idan aka yi rasuwa da hantsi a Gwaram, kafin azahar an yi wanka, an yi sutura, an kai mamaci makwancinsa. Ba wanda ke cewa a bari zuwa gobe ko akwai alheri a ciki. Addinin da ya koya mana haƙuri shi ne kuma ya kira jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci. Me zai sa mu gaggauta wa gawa, mu yi wa mai rai nawa?

Don haka roƙona ga magidanta ɗaya ne. Tun ciki yana wata 7 a ware kuɗin mota, a karɓi lambar direban da zai amsa waya da tsakar dare, a kuma faɗa wa mutan gida a fili cewa ko ba ka nan, an ba da izinin tafiya asibiti. Idan mun yi namu sannan jinkiri ya zo, a nan ne maganar iyayenmu take da gurbi, kuma a nan ne za mu faɗe ta da gaskiya.