Rauni ya warke, firgici ya zauna: wa zai biya maganinsa?

Idan mota ta kife da ƴar ƙungiya a kan hanyar Mirriya ko ta Damagaram, mun san abin yi. Mu tara gudummawa, mu kai dubiya, mu ɗage mata zubi har ƙafa ta ɗore. Inda muke rikicewa shi ne bayan wata uku ko huɗu. An kwance ɗori, tabo ya bushe, amma baiwar Allah ba ta barci. Ta ji ƙarar birki sai jiki ya ɗauki ɓari. A ce ta hau mota zuwa kasuwa, sai kuka. Ga shi kuwa jarinta duk a kan hanya yake.

Wannan ciwo ne, ba raki ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa shi cikin cututtuka, kuma alamunsa sanannu ne: hatsarin ya riƙa dawowa cikin mafarki ko ido biyu kamar yanzu yake faruwa, mutum ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, ya zauna kullum a firgice. Mutane da yawa yana sakinsu cikin makonnin farko. Idan ya wuce wata bai lafa ba, a nemi likita. Babban maganinsa zama ne da ƙwararre ana tattaunawa, mako bayan mako. Ƙwayar barci ta masu tallar magani kuwa a bar ta, sabo take sawa.

To, zaman nan kuɗi ne. Ga kuɗin mota daga Hamdara zuwa babban asibitin Damagaram, ga na ƴar rakiya, ga magani, ga yinin da aka rasa. A nan ake fara jayayya da kamfanin inshora, asirans kamar yadda muka saba faɗi.

Nijar na cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora guda, wadda ake kira CIMA. An sa hannu a yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Ita ta wajabta wa kowace mota inshora, kuma fasinja na cikin waɗanda ake biya. Sai dai dokar ta jera irin cutarwar da ake biya ɗaya bayan ɗaya. Diyyar ɓacin rai ga wanda ya rayu, sai in likita ya auna naƙasarsa ta kai kashi 80 cikin 100. Da wannan ake rufe wa mata baki: ai ke tsoro ne kawai, doka ba ta biyan tsoro.

A ganinmu an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Diyyar ɓacin rai daban, kuɗin magani daban. Sashe na 258 ya yi maganar kuɗin jinya kowane iri, muddin akwai takardun shaida, cikin iyakar da aka auna da farashin asibitocin gwamnati. Ba mu ga inda ya ce jinyar ƙashi kaɗai ba. Haka kuma idan likita ya rubuta cewa mace ta kasa aiki fiye da kwana 8, akwai biyan wannan lokaci. Wadda ba ta da takardar da ke nuna abin da take samu, kamar yawancinmu masu ƙuli-ƙuli da tallar hatsi, ana yi mata lissafi da albashi mafi ƙanƙanta, wanda ya koma jika 42 a wata tun 2024.

Komai dai ya rataya ga takarda, mu kuwa nan ne rauninmu. Kamfani zai ce a nuna masa cewa ciwon daga hatsarin ya fito. Idan takardar likita ta farko ba ta ambaci rashin barci da firgita ba, sai bayan wata shida aka zo da zancen, za su ce wata damuwa ce ta gida. Saboda haka a faɗa wa likita tun farko, a roƙe shi ya rubuta. Kunya ba ta da wuri a nan. A tabbatar jandarmomi sun sa sunanki cikin rahoton hatsari, domin wasu kan bar wurin a ruɗe ba a rubuta su ba. A ajiye kowace takardar magani da ta biyan kuɗi cikin leda guda.

Sai maganar sa hannu. Sau da yawa ana kawo kuɗin sulhu lokacin da gida ya fi matsuwa, maigida ko yaya ya karɓa, a dangwala yatsa, shi ke nan an rufe. Kada a dangwala sai wani mai jin Faransanci ya karanta ya fassara. In ma an yi, kuma sulhun ya saɓa wa dokar, akwai kwana 15 na janyewa a rubuce. Wa'adin kai ƙara kuwa shekara 5 ne daga ranar hatsari.

Akwai kuma mai cewa ƙaddara ce, mun yafe. Gaskiya ne ƙaddara ce, yafe wa direba kuma alheri ne. Amma kuɗin nan ba daga aljihunsa za su fito ba idan motar na da inshora. Don irin wannan rana mai mota yake biya kowace shekara. In an bar su, kamfani aka bar wa.

Mu ma sai mun duba kanmu. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, ƙaramin asusun taimako ke tare mana haihuwa, rasuwa da rashin lafiya. Amma a wasu ƙungiyoyinmu an sha musu: mai karaya a taimake ta, mai firgici a ci ta tarar makara, don ana ganinta tana yawo da ƙafafunta. Hujjar da muke zargin kamfani da ita ke nan, mu ma muke yi wa juna. Masu tsoron kada asusu ya ƙare suna da tasu gaskiyar, domin ɗan abu ne. Shawarar da za mu kawo a zama mai zuwa ita ce: wadda ta zo da takardar likita a ɗage mata biyan bashi wata uku ba tara, a ba ta rancen kuɗin mota marar riba, ta mayar in kamfani ya biya. Kowace shugaba ta zo da amsar ƙungiyarta, tare da sunan mace guda da za ta riƙa raka masu jinya Damagaram.