Wasiƙar neman aiki a banki: me yaro zai rubuta?

Wanda ɗansa ya gama karatu yana neman istaj ko aiki a banki, ko a gidan aika kuɗi irin su Al Izza da Nita, ya ji wannan. Takardar shaidar karatu kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da wasiƙa. A Nijar da Faransanci ake rubuta ta, a Najeriya da Turanci, kuma kada ta wuce shafi guda.

Ya fara da sunan gidan da aikin da yake nema. Wasiƙa ɗaya da aka raba wa gidaje goma, nan take ake gane ta.

To, ga inda 'ya'yanmu ke yin sakaci. Yaron da ya riƙe wa babansa littafin bashi a kasuwar Maraɗi, ko ya saba canjin naira da sefa a Jibiya, ko ya ƙirga kuɗin shanu a kara, sai ya ɓoye, wai abin ƙauye ne. Ai abin da banki ke nema ke nan: lissafi da riƙon amana. Ya rubuta, shekara nawa, wane aiki, ba ƙari.

Lambar waya kuma, a sa wadda ke shiga ko an tsallaka iyaka.